Old Fashioned

Old Fashioned wani haɗin barasa ne da ya samo asali daga ƙasar Amurka, wanda ake yi da wuski, sukari, ɗan ruwa da tsimin ɗaci, a zuba shi kan ƙanƙara a cikin gajeren kofin gilashi, a ɗora ɓawon lemun zaƙi. Ma'anar sunan ita ce "irin na dā". Yana cikin haɗe-haɗen da Amurkawa suka fi yi a gida, domin kayansa kaɗan ne kuma ba ya buƙatar wata na'ura. A lokacin kaka, wato daga Satumba zuwa Nuwamba a can, sukan sauya masa ɗanɗano da tuffa, kirfa ko zumar bishiyar maple.

Tarihi

A ranar 13 ga Mayu, 1806, jaridar The Balance and Columbian Repository da ke garin Hudson a jihar New York ta yi bayanin kalmar cocktail a matsayin barasa kowace iri da aka haɗa da sukari, ruwa da tsimin ɗaci. Wannan shi ne ginshiƙin Old Fashioned har yau. Jerry Thomas ya saka irin wannan haɗi na wuski a littafinsa na shekarar 1862. Daga baya masu mashaya suka riƙa ƙara wasu barasa masu zaƙi da ƙamshi a ciki, sai waɗanda ba su son ƙarin suka fara neman a yi musu irin na dā, sunan kuma ya bi shi. George Kappeler ya buga yadda ake yin sa da wannan suna a shekarar 1895.

Kulob ɗin Pendennis da ke Louisville a jihar Kentucky yana iƙirarin cewa a can aka ƙirƙiro shi, amma masu bincike ba su gamsu ba, saboda sunan ya bayyana a jarida a Chicago tun 1880, kulob ɗin kuwa an kafa shi ne a 1881. Duk da haka birnin Louisville ya ayyana shi a matsayin haɗinsa na hukuma a 2015. Bayan dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933, an saba dandaƙa yankan lemu da 'ya'yan ceri a cikin kofin, har da ƙara soda. A jihar Wisconsin da burandi ake yin sa maimakon wuski. Shirin talabijin na Mad Men, wanda aka nuna daga 2007 zuwa 2015, ya taimaka wajen dawo da martabarsa.

Kayan haɗi

Wuski iri biyu aka fi amfani da su. Bourbon, bisa dokar Amurka, dole ne masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi shi da shi, kuma a ajiye shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbaka cikinta. Wannan babbakar ce ke ba shi ƙamshin fanila da na ƙonannen sukari, shi ya sa yake shiga da kayan kaka sosai. Na biyu shi ne wanda ake yi da hatsin rye, ɗan'uwan alkama da sha'ir, wanda ya fi yaji kuma bai kai bourbon zaƙi ba.

Tsimin ɗacin da ya fi shahara shi ne Angostura. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa shi a 1824 a garin Angostura na Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu kuma a Trinidad ake yin sa. Ma'aunin da ƙungiyar masu haɗa barasa ta duniya, IBA, ta bayar shi ne mililita 45 na wuski, ƙwayar sukari ɗaya, 'yan ɗigon Angostura da 'yan ɗigon ruwa.

Ana jiƙa sukarin da tsimin da ruwan a gindin kofi har ya narke, a sa ƙanƙara, a zuba wuski, a juya da cokali. Ba a girgiza shi. An fi son ƙanƙara babba guda ɗaya domin ba ta saurin narkewa. A ƙarshe ana matsa ɓawon lemu a bakin kofin don man da ke jikinsa ya fesu a saman abin shan.

Ɗanɗanon kaka

Mafi yawan sauye-sauyen kaka ba sa taɓa wuskin, sukarin kawai suke maye gurbinsa. Mafi sauƙi shi ne a sa zumar maple kamar ƙaramin cokali ɗaya. Sukarin da ke cikinta ya kai kusan kashi 66 cikin 100, ya fi na ruwan sukarin da ake dafawa a gida rabi da rabi, don haka kaɗan ake sawa, in ba haka ba zaƙi ya danne komai. Wasu kuma suna tafasa sukari da ruwa tare da sandar kirfa, kanumfari da citta, su tace, su ajiye a firji. Kanumfari yana da ƙarfi. Ƙwaya biyu ko uku sun isa tukunya guda.

Tuffa ta fi wahalar sha'ani. Amurkawa suna kiran ɗanyen ruwan tuffa da ba a tace ba cider, kuma babu barasa a ciki, alhali a Birtaniya kalmar tana nufin wanda ya riga ya zama giya. Idan aka zuba ruwan kai tsaye sai haɗin ya tsinke, ya tashi daga Old Fashioned ya koma kusa da wani tsohon haɗi mai suna Stone Fence. Saboda haka ake dafa ruwan har ya ƙafe ya yi kauri, a yi amfani da shi a madadin sukari. Wata hanyar ita ce a raba ma'aunin barasar biyu, rabi wuski rabi applejack, wato burandin tuffa da kamfanin Laird na jihar New Jersey ya daɗe yana yi.

A cikin waɗannan kaya, tuffa ce kaɗai amfanin kaka na gaskiya. Ruwan bishiyar maple a ƙarshen hunturu da farkon bazara ake tatsarsa, mafi yawa a lardin Quebec na Kanada, kuma sai an dafa kimanin lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta zuma. Kirfa da kanumfari kuwa daga ƙasashe masu zafi kamar Siri Lanka da Indonesiya suka fito. Abin da ya ɗaure su da kaka shi ne al'adar gashin kek ɗin tuffa da na kabewa, musamman a bikin Thanksgiving da ake yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba.

Ƙarfinsa da lafiya

Old Fashioned kusan zallar wuski ne. A ma'aunin Amurka, sha ɗaya shi ne giram 14 na barasa, wato kimanin mililita 44 na wuski mai ƙarfin kashi 40. Mutane da yawa a gida suna zuba mililita 60, kuma idan wuskin mai kashi 45 ne, kofi ɗaya ya kai sha ɗaya da rabi. Zaƙin maple da ƙamshin kirfa suna ɓoye zafin barasar a baki, amma ba sa rage ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da ba shi da haɗari ga lafiya, kuma hukumarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa cutar. A Amurka doka ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba.

Akwai masu yin kwaikwayonsa ba tare da wuski ba, da baƙin shayi mai kauri, ruwan tuffa da kirfa. Sai dai shi kansa Angostura yana ɗauke da barasa kashi 44.7 cikin 100, don haka wanda ke guje mata saboda addini, juna biyu ko magani yakan bar shi, ko ya nemi tsimin da aka yi da giliserin.