Tarihin Shikago a Jikin Bango: Zanen Jeren Gilashi da Labarin Tashar Jiragen Ruwa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Kowane gari da ya kawo ƙarfi yakan waiwaya ya nemi labarin asalinsa, wani ya adana shi a bakin maroƙa, wani a littafi, wani kuwa a jikin bango. Wannan maƙala za ta dubi birnin Shikago na ƙasar Amurka, wanda ke gaɓar Tafkin Mishigan, da yadda attajiransa suka sa aka zana masa tarihi a shekarar 1895 ta hanyar fasahar nan da Turawa ke kira mozayik. Abin da za mu bi diddigi shi ne wane labari zanen ya ɗauka, wane kuma ya bari, da dalilin yin hakan.

Mece ce fasahar mozayik?

Mozayik zane ne da ba a yin sa da fenti. Mai aikin yakan yanka gilashi mai launi, ko dutse, ko tangaran, ƙanana ƙanana, sa'an nan ya jera su ɗaya bayan ɗaya a kan siminti ko wani abin liƙi, har sura ta fito. Idan mutum ya matsa kusa sai ya ga tarin ɓaraguzai, idan ya ja da baya sai ya ga fuska, ko ruwa, ko kwalekwale. Rumawa sun ƙawata daɓen gidajensu da shi, Rumawan Gabas suka kai shi bangon majami'u, Musulmi kuma suka yi wa babban masallacin Dimashƙa ado da shi. Amfaninsa shi ne launinsa ba ya koɗewa da sauri, domin launin a cikin gilashin yake. Saboda haka duk wanda ya zaɓi mozayik yana nufin maganarsa ta daɗe bayan ransa.

Gari a bakin tafki

Shikago na nesa da teku da fiye da kilomita 1,000, amma ruwa ne ya haife ta. Tafkin Mishigan, mai tsawon kilomita 490 da 'yan kai, yana haɗe da sauran manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, waɗanda ruwansu ke gangarawa gabas zuwa Tekun Atlantika. A yammacin garin kuwa, tazara kaɗan, akwai kogin Des Plaines, wanda ke zuba a kogin Illinois, shi kuma ya zuba a Misisipi, har zuwa tekun kudu. Tsakanin waɗannan hanyoyin ruwa biyu wata 'yar fadama ce kurum. 'Yan asalin ƙasar sun san wannan mashiga tun kafin zuwan Turawa, sukan saɓa kwalekwalensu a kafaɗa su ƙetare ta. Sunan garin ma daga harshensu ya fito, ma'anarsa wata irin albasar daji da ke tsirowa a wurin.

Ginin Marquette da zanensa

A shekarar 1895 aka kammala wani dogon bene na ofisoshi a titin Dearborn, wanda kamfanin Holabird da Roche ya tsara. Wakilin masu ginin, Owen Aldis, mutum ne mai sha'awar tarihi, har ya fassara rubuce-rubucen wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Jacques Marquette. Don haka aka sa wa ginin sunan Marquette, aka kuma ba kamfanin Tiffany na Niyok aikin ƙawata zaurensa. Mai zanen kamfanin, J. A. Holzer, haifaffen ƙasar Suwizalan, shi ya tsara hotunan da suka zagaye barandar zauren, da gilashi mai launi da ɓawon halittun ruwa mai sheƙi da wasu duwatsu na ado.

Manyan hotunan guda uku ne. Na farko ya nuna tashin Marquette da abokin tafiyarsa Louis Jolliet. Na biyu ya nuna haɗuwarsu da mutanen Illinois, inda aka tarbe su da lofen sulhu. Na uku ya nuna mutuwar Marquette. A saman ƙofar shiga kuma akwai allunan tagulla na Hermon MacNeil masu ba da wannan labari, cikin zauren kuwa ga kawunan tagulla na shugabannin 'yan ƙasa da na matafiyan Faransa.

Labarin da ke bayan hotunan gaskiya ne. Ranar 17 ga Mayu, 1673, Marquette da Jolliet da wasu mutum biyar suka tashi daga St. Ignace, can arewacin tafkin, cikin kwalekwale biyu na ɓawon itace. Bayan wata guda suka shiga Misisipi, suka gangara har kusa da bakin kogin Arkansas. Da suka tabbatar cewa kogin kudu ya nufa, suka kuma ji tsoron faɗawa hannun Sifaniyawa, sai suka juyo. A hanyar komawa 'yan ƙasa suka nuna musu gajeriyar hanya ta kogin Illinois da fadamar Shikago. Jolliet, da yake ɗan kasuwa ne, nan take ya lura cewa in an haƙa 'yar gajeriyar hanyar ruwa a wurin, jirgi zai iya tashi daga tafkuna ya kai tekun kudu.

A nan akwai abin lura. A 1674, Jolliet na dab da isa Montreal, kwalekwalensa ya kife, takardunsa da taswirarsa suka salwanta. Abin da ya tsira shi ne bayanin Marquette. Shi kuwa Marquette ya komo ya yi hunturun 1674 zuwa 1675 a wata bukka a bakin kogin Shikago yana fama da ciwo, ya rasu a watan Mayu na 1675 a gabashin tafkin, yana da shekara 37. Ka ga ke nan wanda ya hango makomar wurin Jolliet ne, amma wanda rubutunsa ya rayu shi aka sa wa gini suna.

Abin da bangon ya tsallake

Tsakanin 1675 da 1895 akwai shekara 220, a cikinsu ne kuma ainihin tashar jiragen ruwan ta samu. Hotunan zauren ba su taɓo ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da farko, baƙon da ya fara kafa gida na dindindin a bakin kogin Shikago shi ne Jean Baptiste Point du Sable, baƙar fata mai tsatson Afirka, wanda ya auri mace daga ƙabilar Potawatomi. Ya yi noma da fatauci a wurin har ya sayar da kadarorinsa a 1800. Masu ginin 1895 sun haye kansa suka koma shekara fiye da ɗari baya domin su samo Bature.

Na biyu, mutanen da aka zana suna miƙa lofen sulhu ba su ci ribar karamcinsu ba. A yarjejeniyar Shikago ta 1833, ƙabilun Potawatomi da Ojibwe da Odawa suka rasa kimanin eka miliyan 5, aka kuma kwashe mafi yawansu zuwa hayin Misisipi. A wannan shekara aka yi wa Shikago rajistar zama gari, mutanenta 'yan ɗaruruwa. Daɗin daɗawa, kisan gillar da sojan Amurka suka yi wa 'yan ƙabilar Lakota a Wounded Knee ya auku ne a Disamba 1890, wato shekara biyar kacal kafin a liƙa hoton wannan tarba mai daɗi.

Na uku, babu leburori da matuƙa. Hanyar ruwan da Jolliet ya hango sai a 1836 aka fara haƙa ta, aka buɗe ta a 1848, tsawonta mil 96, akasarin mahaƙan kuwa baƙi ne matalauta daga Ailan. Daga nan alkama da masara suka riƙa kwararowa Shikago ana loda su zuwa Buffalo, jiragen ruwa masu tafiya da iska kuma suna dawowa da katako daga dazuzzukan Mishigan da Wisconsin. Da irin wannan katako aka gina garin da gobarar Oktoba 1871 ta cinye, da shi kuma aka soma sake gina shi. A wannan zamani tashar Shikago na cikin waɗanda suka fi kowace yawan shige da ficen jirage a Amurka, kuma kafin 1890 mutanen garin sun haura miliyan ɗaya. Tafkin kuwa bai bar su haka nan ba, alal misali a Satumba 1860 jirgin Lady Elgin ya nutse arewa da birnin da kimanin mutum 300.

Me ya sa aka zaɓi haka? Dukiyar Shikago sabuwa ce, daga hatsi da katako da mayanka ta fito, mutanen tsofaffin biranen gabas kuma suna kallon garin a matsayin kasuwa marar asali. Bikin baje kolin duniya na 1893 yunƙuri ne na wanke wannan gori. Attajirin da ke neman 'yan haya masu kuɗi a ofisoshinsa ya fi buƙatar kaka mai tsarki, wanda ya mutu a kan aƙidarsa, a kan ɗan dako mai gumi ko bayanin yadda aka karɓe ƙasa. Saboda haka zanen yana ba mu labarin 1673, amma ya fi fallasa zuciyar mutanen 1895.

Bangaye na baya

Tarihin ruwa bai tsaya ba. A 1900 injiniyoyi suka juya akalar kogin Shikago domin ƙazantar gari ta daina shiga tafkin da ake sha. Ranar 24 ga Yuli, 1915, jirgin Eastland ya kife yana ɗaure a kwata cikin kogin, mutum 844 suka halaka, yawancinsu ma'aikatan kamfanin Western Electric da iyalansu da za su tafi yawon shaƙatawa. Sannu a hankali manyan jirage suka koma kogin Calumet a kudancin birnin, a 1959 kuma aka buɗe hanyar St. Lawrence wadda ta ba jiragen teku damar isowa.

Masu fasaha na baya sun yi ƙoƙarin cike giɓin. A shekarar 2000 Ellen Lanyon ta kammala jerin allunan tangaran a ƙarƙashin gadar da ke bakin kogin, waɗanda suka bi tarihinsa tun daga 1673 har zuwa ƙarshen ƙarni na 20. A 2009 aka yi wani babban mozayik mai suna Indian Land Dancing a mashigar titin Foster kusa da tafkin, tare da 'yan asalin ƙasar mazauna birnin, inda suka nuna kansu a matsayin al'umma mai rai. Du Sable ma ya samu nasa rabo, domin a 2010 aka sa sunansa a gadar titin Mishigan, a 2021 kuma a babban titin bakin tafki. Ginin Marquette kansa ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1976, zanen Holzer na nan yana sheƙi.

Kammalawa

Babu mai musun cewa aikin Holzer gwaninta ne, kuma abin da ya zana ya faru. Sai dai mai mozayik ba ya liƙa duk ɓarbashin da ke gabansa, zaɓe yake yi, haka shi ma mai rubuta tarihi. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma fa ido ba ya ganin abin da ba a ɗora a bango ba. Don haka duk lokacin da mai karatu ya tsaya gaban zanen tarihin wani gari, ko ya buɗe littafin asalin wata masarauta, yana da kyau ya tambayi kansa abu uku: wa ya biya kuɗin aikin, a wace shekara, kuma su wane ne suka yi dakon kayan amma ba a ga fuskarsu ba. Shikago sai da ta ɗauki lokaci kafin ta soma amsa tambaya ta uku a jikin bangayenta.