Kells: Kasuwar da Ta Tsiro a Ƙofar Gidan Ibada

A shekara ta 563 Miladiyya wani malamin Kirista mai suna Columba ya bar ƙasarsa ta Ayilan, ya ƙetare ruwa zuwa Iona, wani ɗan tsibiri a gaɓar yammacin Sikotilan, ya kafa gidan sufaye a can. Bayan rasuwarsa a 597, almajiransa suka ci gaba da karatu da kwafar littattafai har kimanin shekara ɗari biyu, suna ganin tekun da ya kewaye su ya isar musu garkuwa. Ta wannan tekun ne kuwa masifa ta biyo. Maharan Viking sun fara sauka a tsibirin a 795, suka dawo suka cinna masa wuta a 802, sannan a 806 suka kashe mutum 68 daga cikin jama'ar gidan. Da abin ya kai haka, sai sufayen suka nemi wuri can cikin tudu, inda jirgin ruwa ba zai riske su da sauƙi ba. A 807 suka ɗora harsashin sabon mazauni a Kells, kimanin kilomita 65 arewa maso yamma da Dublin, suka kammala shi a 814.

Wurin da aka gina don ɓuya bai daɗe ba ya shahara. Masu ziyara suka riƙa zuwa neman tubarraki, sarakuna suka ba da gonaki, maƙera da masassaƙan dutse suka zauna a gindin ganuwar gidan, kuma duk inda jama'a ta taru, mai saye da mai sayarwa ba sa rasa juna. Haka kasuwa ta kafu a bakin ƙofa. Aka kafa dogayen gicciye na dutse masu sassaƙen labaran Littafi Mai Tsarki, daga baya aka gina zagayayyiyar hasumiya mai tsawon kusan mita 26. Sai dai dukiyar da ta raya garin ita ce ta sake kiran mahara. A 951 Viking ɗin da suka riga suka zauna a Dublin suka washe Kells da majami'un da ke kusa, littattafan tarihin ƙasar kuma suka ce sun kwashi bayi dubu uku ko fiye. A 1007 aka sace babbar taskar gidan cikin dare, wato littafin Linjila huɗu da aka rubuta kan fatar maraƙi, aka ƙawata da zane-zane. Bayan wata biyu da kwana ashirin aka tsince shi binne cikin ƙasa, an yaye zinariyar bangonsa. Shi ne duniya ta sani yau da Littafin Kells.

Ƙarni na 12 ya kai garin ƙololuwar daraja, kuma shi ne ya sauya masa iyayen gida. A 1152 aka yi babban taron malaman majami'a da ke ɗauke da sunan Kells, ƙarƙashin wakilin Fafaroma, Kadinal Paparo, inda aka raba ƙasar ga manyan bishop huɗu: na Armagh, da Cashel, da Dublin, da Tuam. Shekara ashirin kacal bayan nan, a 1172, Sarki Henry na Biyu na Ingila ya damƙa yankin Meath, inda Kells yake, ga jarumin Norman, Hugh de Lacy. Sababbin masu mulki suka kewaye garin da ganuwa, suka ba 'yan kasuwarsa takardun 'yanci, ya koma garin iyaka tsakanin ikon Ingila da sarakunan gargajiya. Zaman iyaka kuwa ba ya rabuwa da wuta: a 1315 Edward Bruce na Sikotilan ya karya rundunar Roger Mortimer a nan, ya ƙone garin. Gidan sufaye ya yi ta dusashewa har ya koma majami'ar unguwa, amma ranar kasuwa ba ta daina zagayowa ba.

A tsakiyar ƙarni na 17, lokacin yaƙe-yaƙen Cromwell, sojojin doki suka mai da majami'ar masauki, aka kuwa aika littafin Dublin don kada ya salwanta. Bishop Henry Jones ya miƙa shi ga Kwalejin Trinity, kuma bai sake komawa gida ba. Ƙasar da aka ƙwace a wannan zamani ta faɗa hannun iyalin Taylour, waɗanda suka gina katafaren gidan Headfort a gefen gari, suka kuma gina doguwar hasumiyar Lloyd a kan tudu a 1791. Gicciyen kasuwa, ɗaya daga cikin dogayen gicciyen dutsen nan, in ji labarin da mutanen garin ke gada, a jikinsa aka rataye 'yan tawayen 1798. Da babbar yunwa ta auka wa Ayilan daga 1845, sakamakon cutar da ta lalata dankalin da talaka ya dogara da shi, a gindin wannan hasumiya ta masu ƙasa aka haƙa maƙabartar matalauta.

Mai ziyara a yau zai tarar da gari mai mutum dubu shida da 'yan kai, wanda titunansa ke lanƙwasa bisa sawun tsohuwar ganuwar sufaye. Zai ga zagayayyiyar hasumiyar nan mai tagogi biyar a samanta, da ɗakin dutse da ake dangantawa da Columba, da gicciyen kasuwa a gaban tsohuwar kotu, inda aka mai da shi bayan wata motar bas ta buge shi a 1996. Littafin mai ganye 340 yana Dublin, kuma mutanen Kells sun sha neman a dawo musu da ko da kundi ɗaya daga cikin huɗun da aka ɗinka shi a 1953. Sufaye da Norman da masu gidan Headfort kowa ya riƙe garin ya sake shi; abin da ya hana shi zama kufai shi ne manoman Meath da ba su fasa kawo shanunsu da hatsinsu bakin wannan ƙofa ba.