Masu Zama A Tsakiya

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, tarihin wani ɗan ƙauye ne da ya tsaya mini a rai.

Ƙauyen yana kan tudu tsakanin Birnin Ƙudus da Tel Abib. Larabawa suna kiransa Wahatus Salam, Yahudawa kuma Nebe Shalom, wato dausayin zaman lafiya. Wanda ya kafa shi wani fada ne na cocin Katolika, Bruno Hussar, haifaffen Masar, iyayensa Yahudawa. A 1970 ya samu hayar fili daga wani gidan ibada na Kiristoci da ke Latrun, don Yahudawa da Falasɗinawa 'yan ƙasar Isra'ila su zauna tare. A 1979 aka buɗe Makarantar Zaman Lafiya a wurin, inda ake horar da waɗanda za su jagoranci tattaunawa tsakanin ɓangarorin biyu.

Da farko dai sun ɗauka abin mai sauƙi ne. A tara matasa, a ci abinci tare, a yi hira, kowa ya gane ɗan uwansa mutum ne. Yahudawa sukan koma gida da farin ciki. Falasɗinawa kuwa su koma da ciwonsu, don ba a taɓo maganar ƙasar da aka ƙwace a 1948 ba. Ni kam wannan bai ba ni mamaki ba. Ke da kika taɓa ganin an sasanta uwargida da amarya da "ku yi haƙuri" kawai, ai kin san kwana nawa sulhun yake yi.

Sai malaman suka sauya salo. Kowane rukuni aka ba shi jagora biyu, Bafalasɗine da Bayahude, ba wanda ya fi wani. Aka koya musu kada su kashe gardama in ta tashi, su bar ta, su lura da wa ke katse wa, wa ke yin shiru. Wani lokaci a raba su, kowane ɓangare ya shiga ɗakinsa ya yi magana da harshensa, sannan a sake haɗuwa.

Maganar harshen nan ita ta fi taɓa ni. Falasɗinawan suna jin Ibrananci, amma yawancin Yahudawan ba sa jin Larabci. To da wane za a yi zancen? Da zarar wani ya dage sai da Larabci, sai ran mutane ya ɓaci. Aikin jagora a nan shi ne ya nuna musu cewa rigimar da ke waje ce ta biyo su har cikin ɗaki. Wallahi aiki ne mai ɗaci, don shi ma jagoran ɗan ɓangare ne, yana da nasa mamatan.

Bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993 makarantar ta riƙa haɗa har da Falasɗinawan Yammacin Kogin Jodan. A 2020 aka banka wa gininta wuta da dare, ya ƙone. Ba a daina horar da jagororin ba.