Tarihin Ƙungiyar Renft: Makaɗan Leipzig da Hukuma ta Haramta Sau Uku

A ƙasar Jamus ta Gabas, wadda aka kafa a shekarar 1949 ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet, aka kuma tafiyar da ita bisa aƙidar gurguzu har shekara arba'in, ba a yarda mutum ya hau dandali ya yi kiɗa a bainar jama'a ba sai yana riƙe da takardar izini, ita kuwa takardar ba ta fitowa sai wani kwamiti ya zauna ya saurari makaɗin, ya auna gwanintarsa, ya duba baitocinsa, sa'an nan ya ajiye shi a wani mataki wanda da shi ake yanke ladan da zai riƙa karɓa. Mutumin Unguwar Tudu ko Gwarzo, wanda ya saba ganin mai kalangu ya rataya kayansa ya nufi gidan biki ba tare da neman sa hannun kowa ba, zai ɗauki wannan tamkar tatsuniya. Alhali kuwa haihuwar ƙungiyar Renft da ɗaukakarta da rushewarta, duk a kan wannan takarda suka rataya.

Wanda ya aza harsashinta wani yaro ne mai suna Klaus Jentzsch, haifaffen garin Jena a 1942, wanda a shekarar 1958, yana ɗan shekara goma sha shida, ya tara abokansa a birnin Leipzig suka fara kiɗa a gidajen rawa, ya kuma ari sunan gidan mahaifiyarsa, wato Renft, ya laƙaba wa kansa da ƙungiyar. Shi ne ke riƙe da babbar jita mai kaurin murya. Ƙaddara ta sa a wannan shekarar ce hukuma ta shimfiɗa doka cewa duk abin da za a kaɗa a wurin rawa, lalle kashi sittin cikin ɗari ya zama na Jamus ta Gabas da ƙawayenta na gurguzu, kashi arba'in kaɗai aka bar wa sauran duniya. Bayan shekara ɗaya ma sai da aka ƙago wata rawa ta ladabi a cikin Leipzig ɗin, mai suna Lipsi, don a maye gurbin rawar Amurka da ita. Samari kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Abin da suke so shi ne wanda suke sata da dare daga gidajen rediyon Yamma. Su Renft suka ba su, hukuma kuma ta hana su wasa a 1962, shekara ɗaya bayan an gina katangar Barlin.

Sai dai ita hukumar ba ta zauna a kan ra'ayi guda ba. Da ta ga ta rufe iyaka, babu sauran mai gudu, sai ta ga ya kamata ta sassauta wa matasa, ta fitar da sanarwa a 1963 cewa irin kiɗan da za su yi rawa da shi ba damuwarta ba ne muddin sun kiyaye ladabi. A cikin wannan sarari su Klaus suka sake ɓullowa da sunan Butlers, suna kaɗa kiɗan bit irin na Beatles na Ingila, har suka sami yabo a babban taron matasa da aka yi a Barlin a 1964, taron da ya haifar da shirin rediyon DT64, kamfanin faifai na gwamnati mai suna Amiga kuma ya sa kiɗansu a faifai. Daɗin bai daɗe ba. A ranar 15 ga Satumba 1965 'yan kallo suka farfasa dandalin Waldbühne a Barlin ta Yamma bayan wasan Rolling Stones, sai masu tsaurin ra'ayi a jam'iyya mai mulki suka sami hujjar da suka daɗe suna nema, cewa wannan kiɗa fitina ce da maƙiya ke cusowa. Cikin Oktoba aka janye takardun kusan dukkan ƙungiyoyin bit na Leipzig, Butlers kuwa aka haramta musu wasa ba tare da wa'adi ba.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu samari biyu suka ɗauki hatiman roba irin na wasan yara, suka buga 'yan takardu suna kiran masoya kiɗa su hallara a dandalin Wilhelm Leuschner ranar 31 ga Oktoba. Takardun kaɗan ne, da an yi shiru da ƙila maganar ta mutu. Amma aka umarci malamai su gargaɗi ɗalibai kada su je, ta haka labarin ya shiga kowane aji a birnin. Ran nan mutum wajen dubu biyu suka taru, babu tuta, babu jawabi, babu shugaba, wasunsu ma jami'an jam'iyya ne da 'yan sandan ciki da suka zo cikin farin kaya. Aka far musu da kulake da karnuka da motar feshin ruwa, aka kama mutum 267, aka tura 97 daga cikinsu aikin dole na makonni a ramukan gawayi da ke kudancin birnin, bayan an aske musu suma da ƙarfi. Tun boren 17 ga Yuni 1953 ƙasar ba ta ga taro marar izini mai girman wannan ba. A watan Disamba kwamitin ƙoli na jam'iyya ya zauna, shugaban jam'iyyar, Walter Ulbricht, da kansa ya tashi yana tambayar ko wajibi ne a kwaikwayi kowace ƙazanta da ta fito daga Yamma.

Daga nan aka gindaya sharuɗɗa: a bar sunayen Ingilishi, a bar waƙa da Ingilishi, wanda zai rera ya rera da Jamusanci. A ganina nan ne hukuma ta yi babban kuskurenta, domin kuwa waƙar Ingilishi, duk hayaniyarta, yawancin masu rawa da ita ba su san abin da take faɗa ba, amma ranar da aka tilasta wa mawaƙi harshen uwarsa, an ba shi damar yin magana da kowane leburan masana'anta kai tsaye. Da aka sake barinsu su yi wasa a 1967, sun koma tsohon sunansu na Klaus Renft Combo, sannu a hankali kuma ƙungiyar ta cika da mutanen da aka san ta da su: Thomas Schoppe da Peter Gläser da Christian Kunert da Peter Kschentz da Jochen Hohl, ga kuma Gerulf Pannach, mai tsara musu baitoci, mutum mai kaifin alƙalami wanda bai iya kewaye-kewaye ba. Da Erich Honecker ya hau mulki a 1971 ya ce babu abin da ya haramta a fagen fasaha ga wanda ya tsaya a kan aƙidar gurguzu, sai ƙofofi suka buɗe: rediyo ya ɗauke su, suka yi wasa a bikin matasan duniya na Barlin a 1973, Amiga ta fitar musu da faifai a 1973 da wani a 1974. Kada mai karatu ya zaci 'yan tawaye ne tun fil azal. Sun yi waƙar juyayin mutanen Chile bayan juyin mulkin 1973, wadda ta yi wa jam'iyya daɗi ƙwarai, a tsakaninsu ma ana jayayya kullum a kan iyakar da ya kamata a tsaya.

Faifai na uku shi ya ƙetare iyakar. A cikin waƙoƙin da suka shirya akwai ta wani yaro Otto mai neman tserewa zuwa Yamma, akwai kuma wadda ta taɓo samarin da suka ƙi ɗaukar bindiga saboda imaninsu aka mayar da su sojan gini, al'amura biyu da kowa ya sani amma ba a ambatarsu. Ranar 22 ga Satumba 1975 aka kira su gaban kwamitin lardin Leipzig don sabunta takarda. Sun zo da kayan kiɗa, amma shugabar kwamitin, Ruth Oelschlägel, ta ce ba sai sun kaɗa komai ba, domin baitocinsu ba su da nasaba da rayuwar gurguzu, sun ci mutuncin ma'aikata, sun ɓata sunan hukumomin tsaro, saboda haka daga ranar nan ana ɗaukar ƙungiyar a matsayin wadda babu ita. Ba ta san Klaus ya ɓoye rikoda yana ɗaukar maganarta ba, shi ya sa har yau ana iya jin wannan hukunci da muryar wadda ta yanke shi. Aka cire faya-fayansu daga kundin Amiga, rediyo ya daina ambatonsu.

Klaus ya auri wata 'yar Girka ya sami fita zuwa Barlin ta Yamma a 1976. A watan Nuwamba na shekarar, bayan an ƙwace wa mawaƙi Wolf Biermann izinin zama ɗan ƙasa, aka kama Pannach da Kunert tare da marubuci Jürgen Fuchs, suka yi wata tara a kurkukun Stasi, wato hukumar 'yan sandan ciki, kana aka tsallakar da su Yamma a 1977, inda jama'a ba su san su ba, ba su kuma damu da abin da suke rerawa ba. Gläser da Hohl suka tsaya a gida suka shiga wata ƙungiya mai suna Karussell. Gläser ɗin ne daga baya ya amsa da bakinsa cewa shekara da shekaru yana kai wa Stasi rahoto. Bayan faɗuwar katanga ƙungiyar ta sake haɗuwa a 1990 ta zagaya ƙasar, ba tare da shi ba. Pannach ya rasu a 1998, Klaus Renft a 2006, sauran kuma suka ci gaba da wasa da sunan Renft.