Daga Ɗaurin Gambo Sawaba Zuwa Kujerar Shugabancin Banki



Makon jiya bayan lakca, wata 'yar ajinmu a nan Legas ta jero min matan da suka shugabanci manyan bankuna: Nneka Onyeali-Ikpe a Fidelity, Miriam Olusanya a GTBank, Adaora Umeoji a Zenith. Sai ta ce, "Ku naku fa?" Na ce Halima Buba ta SunTrust, daga nan na yi shiru. Wallahi abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na koma tarihi.

Ashe tazarar daga akwatin zaɓe ta faro. Tun 1949 matan Abeokuta, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, suka sa Alake ya sauka daga sarauta kan harajin da aka ɗora musu. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a. Iyayenmu kuwa sai 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi. Shekara 17 ke nan! Kuma ba a kwance aka samu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana, har Abeokuta ta je wajen Funmilayo don ta koyi yadda ake haɗa kan mata.

To me ya haɗa wannan da banki? Abu biyu na gani.

Na farko, ido. A 2003 Ngozi Okonjo-Iweala ta zama ministar kuɗi, a 2005 aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18. Bayan wannan, wa zai tashi a taron masu hannun jari ya ce mace ba ta iya riƙon kuɗi ba?

Na biyu, ƙa'ida. A 2012, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, aka sa wa bankuna burin mata su kai kashi 30 cikin 100 na daraktoci. Digiri kaɗai ba ya buɗe wannan ƙofa, sai masu iko sun murɗa makulli.

Mu ma mun fara gani: Hadiza Bala Usman ta riƙe Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa daga 2016, Zainab Ahmed ta yi ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023. Amma a Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru.

Yanzu mu dawo gida. Zaɓen ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa ya kusa, kuma kullum mu mata kujerar walwala ake bar mana, wato dafa abincin taro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ba ta taɓa riƙe asusun ƙungiya ba, yaushe za ta riƙe na kamfani?

Ni dai na sayi fom ɗin ma'aji. 'Yan uwana mata, saura ku. Maza kuma, ƙuri'arku muke nema. Allah Ya jiƙan Hajiya Gambo.