Yadda Wayoyi Huɗu Suka Zama Hanya Ɗaya

Ethernet, tsarin da ke haɗa kwamfutocin ofis ta waya, bai saba ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba. Daga megabit 10 a daƙiƙa ya koma 100 a 1995, ya kai 1,000 a 1998, sannan 10,000 a 2002. Kowane sabon mataki da tsada yake fitowa, alhali ofishin da hanyarsa ta cunkushe ninki biyu ma kan ishe shi. Me zai hana a ƙara waya ta biyu tsakanin na'urorin rarraba bayanai guda biyu?

Abin da ya hana shi ne zagaye. Wayoyi biyu tsakanin na'urori biyu da'ira ce, kuma saƙon da aka aika wa kowa zai yi ta kewaya ta har hanyar ta shaƙe. A 1985 Radia Perlman, injiniya a kamfanin DEC, ta magance wannan da ƙa'idar Spanning Tree, wadda ke barin hanya ɗaya a buɗe ta toshe saura. Maganin ya yi aiki, sai dai wayar da aka saya da kuɗi takan zauna ba aiki, kuma idan ta farko ta yanke, akan jira daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ta biyu ta karɓa.

Kalpana, wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya, shi ya kewaye matsalar a farkon shekarun 1990 da dabarar EtherChannel: a ɗaure ƙofofi da dama na na'ura su bayyana tamkar ƙofa ɗaya. Tunda Spanning Tree hanya ɗaya take gani, ba ta da abin toshewa. Cisco ya saye Kalpana a 1994. Sauran kamfanoni suka fito da nasu salon, na wannan ba ya jituwa da na wancan, mai saye kuwa ya zama ɗaurarre a hannun kamfani guda. Sai a 2000 hukumar IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.3ad, wadda ta zo da LACP: na'urorin biyu suna musayar gajerun saƙonni, duk daƙiƙa ɗaya ko duk 30, don tabbatar da cewa kowace waya tana raye kuma an sa ta inda ya dace. A 2008 aka mayar da ita ƙarƙashin 802.1AX.

Alkawarin ƙarin gudu kuwa yana da sharaɗin da 'yan talla ba su cika ambata ba. Domin kada gutsattsarin saƙo su isa a hargitse, na'urar kan duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa ta ɗora hulɗarsu kacokan a kan waya guda. Wayoyi huɗu masu gigabit ɗai-ɗai za su ɗauki ma'aikata masu yawa a lokaci guda, amma babban fayil ɗaya ba zai wuce gudun gigabit ɗaya ba.

Saboda haka ribar da ta fi tabbata ita ce kariya: waya ta yanke, 'yan uwanta su ɗauki kayanta nan take. Ita ma da farko tana da giɓi, don dukkan ƙofofin a jikin na'ura guda suke. Ta mutu, sun mutu tare. Nortel ya toshe giɓin da SMLT, Cisco kuma da vPC, inda ake raba wayoyin tsakanin na'urori biyu da ke bayyana kamar ɗaya. Yadda na'urorin biyu ke daidaita tsakaninsu, a nan ma kowane kamfani nasa salon ya ƙirƙiro.