Kuɗin haihuwa a Gana: bambancin da irin inshora ke kawowa

Kafin shekarar 2003, mai ciki a Gana sai ta biya kuɗi hannu kafin a duba ta a asibitin gwamnati. A shekarar ne aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, aka kuma sabunta ta a 2012. Ana gudanar da shirin da harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki, da wani kaso daga gudunmawar ma'aikata a asusun SSNIT. Tun watan Yuli na 2008 aka ɗauke wa masu juna biyu kuɗin rajista.

Mace mai katin NHIS, a ƙa'ida, ba ta biyan komai a awon ciki, da haihuwa, da duba ta bayan haihuwa, ko da ta tiyata aka ciro jaririn. Jaririn ma yana shiga ƙarƙashin katin uwarsa har kwana 90. Sharaɗin shi ne asibitin ya kasance cikin waɗanda hukumar ta amince da su, na gwamnati ne, na mishan ne, ko mai zaman kansa.

Sai dai rubutu daban, aiki daban. Hukumar takan yi jinkirin biyan asibitoci haƙƙinsu, magani ya yanke, sai a rubuta wa miji takarda ya je kemis ya sayo da kuɗinsa. Haka nan hoton ciki idan na'urar asibitin ta lalace, da audugar mata, da sabulu, da kuɗin mota in an tura ta babban asibiti cikin dare. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke tarar da magidanci bai shirya ba.

Inshorar kamfanoni masu zaman kansu, wadda galibi ma'aikatan banki da manyan kamfanoni ke da ita, tana buɗe ƙofar asibitocin kuɗi da ɗaki na musamman. Amma yawanci akwai iyakar abin da take biya a kan haihuwa, abin da ya haura kuwa na mai gida ne. Wasu kamfanonin kuma ba sa ɗaukar cikin da aka riga aka samu kafin rajista. A karanta yarjejeniyar tun kafin a sa hannu.

Wadda ba ta da kati ko ɗaya ita ce ke biyan komai, kuma tiyata ta ninka haihuwar lafiya sau da yawa. Abin takaici, a zangunanmu har yanzu akwai masu zuwa asibiti sai naƙuda ta kama, alhali rajistar kyauta ce da zarar an tabbatar da ciki. Malaman Malikiyya sun lissafa ladan ungozoma cikin nafaƙar da ke wuyan miji, don haka shi ya kamata ya raka matarsa ofishin NHIS na gundumarsu tun watannin farko.